Ranar da Hannun Malam Shiru Ya Ɓace

Ranar Litinin da safe na buɗe ɗakin koyon sassan jikin ɗan Adam, na tarar Malam Shiru ba shi da hannun dama.

Malam Shiru ƙwarangwal ne, na mutum na gaske ba na roba ba, yana rataye jikin ƙarfe a kusurwar ɗakin tun kafin a ɗauke ni aiki. Ɗalibai suka raɗa masa sunan, wai shi kaɗai ne malamin da bai taɓa korar kowa daga aji ba. A jikinsa masu karatun jinya suke koyo, da masu ɗaukar hoton ƙashi, da masu gwajin jini, da 'yan gashin ƙashi. Duk wanda ya fita daga tsangayar nan da digiri, ya taɓa riƙe hannun nan yana ƙirga ƙasusuwansa. Ga shi an warware wayar da ta ɗaure shi daga wuyan hannu, a hankali, ba a karya komai ba.

Shekara talatin da ɗaya makullin ɗakin nan yana wurina. Ni nake sharewa, ni nake goge wa Malam Shiru ƙura, ni nake kullewa. Saura wata huɗu in ajiye aiki da mutuncina.

Kafin azahar magana ta zagaye jami'a. Masu shara da muke gaisawa kullum suka koma amsa mini da ka. Na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta, "Me mutum zai yi da hannun gawa in ba tsafi ba?" Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma wa ke tuna wannan in an sami abin taunawa?

Shugaban masu gadi kuwa bai wahala ba. Ya zaga bayan gini, inda aka haƙa ƙasa za a sa famfo. An yi ruwa ranar Asabar har la'asar, rana ta buɗe ranar Lahadi, taɓo ya bushe da duk abin da aka rubuta a kansa. Ga sawu nan daga ɗan akurkin da nake ajiye kayan shara har ƙofar baya, ya je ya dawo. Takalmin robana ne. Ƙafar hagu tana ja, kamar yadda tawa take ja tun da mota ta karya mini ƙugu. Ga kuma ramukan sanda a gefe. Biri ya yi kama da mutum.

Shugaban tsangaya farfesa ne mai adalci, amma a matse yake. Mako mai zuwa masu duba ingancin karatu za su zo, kuma in suka ji ana sace ƙashin mutum a ɗakin koyarwa, ɗaliban sashe huɗu ne za su sha wahalar.

"Baba, ina makullin ƙofar baya yake kwana?" ya tambaye ni.

Na sunkuyar da kai. "A cikin takalmin roban, ranka ya daɗe. Na hagu."

"A akurkin da ba a kullewa?"

"Shekara talatin ba abin da ya faru."

"To, yau ya faru. Ba ni makullan. In hannun nan bai dawo ba zuwa Alhamis, ba ni da yadda zan yi, sai 'yan sanda."

Na miƙa. Abin da ya fi makullan nauyi shi ne jikata, wadda take shekarar farko a karatun jinya. Na hango ta a bakin aji ita kaɗai, ƙawayenta sun ja gefe. Tun ba a je ko'ina ba an fara kiranta jikar matsafi.

*

Duƙau yana gadin ƙofar tsangaya. Sa'ana ne, kuma kafin ya sa kakin gadi maharbi ne, irin waɗanda ake nema in an kore wa mutum shanu. Sunan ya bi shi ne don sai ya gaisa da ƙafarka kafin ya dubi fuskarka. Bai iya rubuta komai ba sai sunansa, amma ƙasa a wurinsa takarda ce.

"Ƙafa-Uku," ya ce da ni, don haka yake kirana, "ashe da tsufanka ka koma satar hannun matattu? Naka biyun ba su ishe ka ba?"

"Duƙau, yau ba ranar wasa ba ce."

"Zo mu ga abin da ka rubuta."

Ya yi kusan sa'a guda a bayan ginin nan. Bai taka sawun ba, gefe yake bi, ya tsuguna, ya miƙe, ya sa ɗan yatsa a ramin sanda. Can ya ce in yi tafiya a kan yashin da magina suka bari. Na yi. Ya dubi nawa, ya dubi wancan, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Takalminka ne. Sandarka ce ta ajiya, mai tsagaggen gindi. Amma ba kai ba ne."

"To mu je ka faɗa wa farfesa!"

"In ce masa me? Mai gadi ya zo ya wanke abokinsa? Kama bakinka. Na san wanda bai yi ba, saura wanda ya yi. Ni ke bakin ƙofa ranar Asabar, kuma mutum uku na gani sun shigo bayan ruwa ya ɗauke."

"Me ka gani a sawun?"

"Abin da ban gane ba tukuna. Maharbin da ya yi saurin harbi, ganye yake samu."

*

Na farko shi ne jami'in da ke kula da kayan ɗakin, muna ce masa Oga Farar Riga. Ni da shi ba ma shan inuwa ɗaya, don ya sha cewa tsofaffi irina sun cika wuri. Da farko ya rantse bai zo ranar Asabar ba. Duƙau ya ce, "Oga, ni na ɗaga maka ƙarfen ƙofa." Sai ya ce injin sanyi ya zo dubawa.

"Sa'a uku kana duba injin sanyi?"

Oga ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya. "Malam, 'yan uku matata ta haifa. Uku! Rabona da barci tun watan jiya. Ofishina nake zuwa in kulle in miƙe a kan benci. In ta ji, na shiga uku da gaske."

Duƙau ya leƙa ofishin, ya ga matashin kai a bayan kabad, ya ce, "Allah Ya raya." Muka fita. Ni dai raina ya so a ce shi ne, kuma na faɗa. Duƙau ya ce, "Ƙiyayya ba sawu ba ce."

Ta biyu ɗaliba ce a sashen gwajin jini, ƙawayenta suna ce mata Gaggawa. Wata mai shara ta rantse ta ga yatsun mutum suna leƙowa daga jakarta ranar Asabar. Nan fa aka yi caa. Da muka same ta a ɗakin gwaji, ba ta bar Duƙau ya gama tambaya ba.

"Hannu? E, akwai hannu a jakata. Ga shi ma!"

Ta zaro shi ta dangwarar a kan tebur. Sai da na ja da baya. Hannun roba ne, da jijiyoyinsa shuɗɗa, duk ya sha huji.

"A kansa nake koyon ɗibar jini. Malamarmu ta ara mini. Ko so kuke in koya a jikinku? Baba Duƙau, kawo naka, ga jijiya nan kamar igiyar guga."

"Allah Ya kiyaye," in ji Duƙau, ya ɓoye hannunsa a aljihu. Mutumin da ya yi arba da kura bai gudu ba, ga shi yana tsoron allura.

Na uku Dogo ne, ɗalibin shekara ta huɗu a sashen gashin ƙashi. Yaron kirki, in ya gan ni da bokiti sai ya karɓa. Ya ce yana ɗakin karatu ranar Asabar, don akwai jarrabawar ƙasusuwa da ta kayar da shi sau biyu, kuma wannan ce damarsa ta ƙarshe. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba ba zai yi haka ba. Ni shaida ne." Har na ji ƙwalla ta taru mini.

Ranar Talata ta wuce, ba mu da komai sai matashin kai da hannun roba.

*

Ranar Laraba ƙuguna ya tashi, saboda yawon da Duƙau ya sa ni. Ya ce mu biya sashen gashin ƙashi a duba ni, tunda ba a hana ni ciwo ba.

Ban taɓa shiga wurin nan ban fito da girmama mutanen cikinsa ba. Babban ɗaki ne mai madubi bango guda, da ƙarafa biyu a jere da majinyaci yake dafawa. Nan za ka ga wanda aka kawo a kan keke wata uku da suka wuce yana taka ƙasa da ƙafarsa yana kuka. Malamar sashen gajeriya ce, muryarta kuwa ta sojoji. Ɗalibai shida suna tsaye, kowanne da sanda, suna tafiya a layi kamar masu fareti, tana biye da su.

"Sanda da ƙafa mai ciwo tare! Sannan lafiyayya! Sake! Wanda bai iya da jikinsa ba, ba zai koya wa majinyaci ba. Sake!"

Tana juyowa ta gan ni. "Baba mai taurin kai! Har yanzu a hagu kake riƙe ta? Shekara nawa ina faɗa maka?"

"Malama, ƙafar hagu ke ciwo, ita ke son taimako."

"Haka duk jahilan sanda suke cewa, ka yi haƙuri da kalmar. Ƙafar hagu ke ciwo, sanda ta koma dama. Ta haka nauyi yake rabuwa."

Duƙau, wanda tun da muka shigo ƙasa yake kallo, ya ɗago kai. "Malama, duk ɗalibanki haka suke riƙewa? Hannun da ke nesa da ciwon?"

"Ko daga barci ka tashe su. Wanda ya riƙe a gefen ciwo a gabana, ya maimaita shekara."

"Mutanen gari fa?"

"Cikin goma, tara irin abokinka ne."

Duƙau ya yi mata godiya har da rusunawa. Da muka fito ya ce, "Je ka gaya wa jikarka ta ci abinci. Gobe da safe ka zo da takalman nan naka."

*

Alhamis da ƙarfe tara aka taru a tsakar tsangaya. Yadda Duƙau ya shawo kan farfesa ban sani ba. Na dai ji ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ku ma sai kun gwada jini kafin ku ba da magani. A ba ni minti goma kafin a kira 'yan sanda." Ga farfesa, ga shugaban masu gadi yana hura hanci, ga Malama, ga mutum ukun nan, ga ɗalibai a kan baranda kamar an zo kallon dambe. Jikata tana can ƙarshe, ta rungume littafinta.

Duƙau ya baza yashi, ya yayyafa masa ruwa, ya shafe shi da katako. Ya zaunar da ni a kujera. Ya ajiye takalman robana, ya kwantar da sandar a ƙasa a gabansu.

"Ba zargin kowa nake ba," ya ce. "Tsawon taku nake son aunawa. Kowa ya sa takalman nan, ya ɗauki sanda, ya yi mana tafiyar tsohon nan daga nan zuwa can."

Oga Farar Riga ya fara, yana gunaguni. Ya ɗauki sanda a hagu, ya ja ƙafar hagu, har da murguɗa baki irin nawa. Aka yi dariya, ni ban yi ba. Duƙau ya ja layi a gefen sawunsa.

Gaggawa ta zura ƙafafunta, takalman suka kusa haɗiye ta. Sanda a hagu, ɗingishi a hagu, ta ƙetare kamar ana korarta.

Sai Dogo. Na lura ya daɗe yana gyara takalmi. Duk hankalinsa yana kan ƙafafunsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. An ce taku za a auna, don haka ya gajarta nasa, ya yi 'yan ƙanana kamar na tsohuwa, ya ja ƙafar hagu fiye da kima. Ƙafa ta yi duk ƙaryar da aka sa ta. Hannu kuwa ba wanda ya gaya masa ana ƙarya. Na dama ne ya sauka ya ɗauki sanda, ta tafi tare da ƙafar hagu, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, tsaf kamar a gaban madubi.

Duƙau ya ja layi a gefen sawun na uku. Ya yafito farfesa da Malama, ya nuna musu sawu ukun, sannan ya ja su bayan gini, jama'a na biye. Ya tsuguna a gefen busasshen taɓon.

"Ga ƙafa mai ja, hagu. Ga ramin sanda, dama. Tsohon nan shekara ashirin ina ganin sawunsa a bakin ƙofata, ramin sandarsa yana manne da ƙafar hagu kamar ɗa da uwa."

Shugaban masu gadi ya ce, "Wannan ai ba hujja ba ce. Ya ɗauko kaya ne, sai ya sauya hannu."

Duƙau ya ce masa, "Oga, wannan sawun tafiya ne, ba na dawowa ba. Dubi inda bakin takalmin ya fuskanta. Me ya ɗauko tun bai shiga ba?"

Shugaban masu gadi ya ja da baya.

Malama ta duƙa ta daɗe tana kallo. Da ta miƙe, muryar sojan nan ta tafi. "Wannan koyarwata ce," ta ce. "Dubi yadda sanda take sauka daidai da ƙafar. Ko a jarrabawa sai in ba shi maki cikakke." Ta juya. "Dogo. Dube ni."

Yaron ya durƙushe a wurin, da takalmana a ƙafarsa.

*

Hannun yana cikin akwatinsa a ɗakin kwanan ɗalibai, naɗe cikin farin tawul, ko ƙwarzane babu. Ya ce ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu ne suke kayar da shi, guda takwas, a littafi duk kama suke masa. So yake ya kwana biyu yana juya su a tafinsa, ya mayar ranar Litinin da sassafe, sai na riga shi buɗe ɗakin. Takalman kuwa, ya ce ya ga taɓo ne, ya yi tunanin sawuna a wurin ba zai dami kowa ba, tunda kullum nan nake bi. Sandar ya ɗauka don sawun ya cika.

Farfesa ya ce kora ce hukuncinsa. Ya tambaye ni ko ina da magana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaukar hannun wauta ce ta yaro, kuma rabin laifin nawa ne da na mai da takalmi ma'ajiyar makulli. Wannan na yafe. Amma kai," na juya ga Dogo, "kwana uku kana kallo ana kirana matsafi. Ka ga yarinyar can tana cin abinci ita kaɗai. Har ka dafa kafaɗata ka ce kai shaida ne. Wannan ba jarrabawa ce ta sa ka ba, tsoro ne, kuma mai tsoron faɗin gaskiya bai kamata a ba shi jikin mutum ba. Ranar da ka murɗe wa majinyaci ƙafa bisa kuskure, haka za ka yi shiru?"

Bai iya ɗago kai ba.

"To a kore shi ke nan?" in ji farfesa.

"A'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karatun da ya shiga jikin yaro har ya kasa yin ƙarya da shi, asara ce a zubar. A hukunta shi, ya ji a jikinsa, amma a bar masa hanyar dawowa."

Aka dakatar da shi shekara guda. Kafin ya tafi, Malama ta sa shi ya tsaya a gaban ɗaliban sashe huɗu ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya nemi gafarar jikata, sannan ya mayar wa Malam Shiru hannunsa, ƙashi bayan ƙashi, yana kiran sunan kowanne. Ko ɗaya bai kuskure ba. Farfesa ya miƙo mini makullaina a gaban kowa, da hannu biyu. Masu sharar nan suka dawo gaishe ni har da tambayar iyali. Na amsa, don gaba ba ta tsoho ba ce, amma ban manta ba.

Farfesa ya so ya kira Duƙau gaban masu duba karatu ya yaba masa. Duƙau ya ce a bar shi, bakin ƙofa ba kowa. "Ni na karanta ne kawai," ya ce. "Malama ce ta rubuta."

Malama kuwa ba ta bar ni ba. Ta tare ni a baranda. "To Baba, yanzu sai a koma dama."

"Malama, taurin kan nan shi ya fid da ni. Da na ji maganarki tun farko, da yanzu ina hannun 'yan sanda."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta wuce.

Amma da na koma gida na yi ta tunanin yaran nan shida a gaban madubi. Abin da aka koya wa mutum har ya fi ƙarfin ƙaryarsa, ba a banza aka koya shi ba. Ranar Asabar, da na tabbata ba mai kallona, na mai da sanda dama na zaga tsakar gida. Na sake zagawa. Jiki magayi. Ƙugun da ya yi shekara ashirin yana cizona ya sassauta kamar an kwance masa ɗauri. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar Litinin na shigo da sassafe, an ɗan yi yayyafi. Na wuce bakin ƙofa ke nan, na ji muryar Duƙau a bayana. Yana tsugune, ɗan yatsansa a cikin ramin sanda.

"Ƙafa-Uku! Tsaya. Wa ya sake sace maka takalmi?"